Ƙarin aiki a wajen gini: a yi maganar kuɗi tun kafin a kwaɓa siminti

Ƙannena masu shigowa harkar kwangilar gini, yawancin rigimar da za ku tarar ba a kan asalin aikin take ba, shi ai an rubuta an sa hannu. A kan ƙari take. Mai gida ya zo zagaye da yamma ya ce injiniya ɗan matsar min da bangon nan, a sa banɗaki a ɗakin baƙi, za mu daidaita daga baya.

Ni kunya ce ta cuce ni. Wani aiki na yi a Kano, mai gidan sa'an babana ne, sai na ga kamar rashin ɗa'a ne in ce Alhaji ga abin da zai ci. Na rushe bulo, na ja sabon fayif har sokawe, na ƙara linta da rodi, aka yi fulasta aka rufe komai. Ranar lissafi ya ce ai wannan cikin aiki yake, kuma wallahi ba zalunci ya nufa ba, haka ya fahimta tun farko. Ga shi farkon 2024 ne, buhun siminti ya tashi daga N5,000 da ɗoriya ya kai N10,000, da aljihuna na sallami birkila da leburori.

To yanzu ko bulo goma aka ce in ƙara sai na tura saƙo ta WhatsApp, ga aikin, ga kuɗinsa a farashin yau, ga kwanakin da zai ƙara, ba na taɓawa sai an rubuto "na amince". Kuma mai biyan kuɗin ne zai rubuto, ba Hajiya ba, ba ƙaninsa mai leƙo aikin ba. Ku ɗau hoto kafin a zuba kankare, don rodin da ya shige cikin kankare ba mai ƙirga shi kuma.

In rigimar ta riga ta tashi kar ku yi zuciya ku kwashe kayan aiki ku tafi, sai maganar ta koma kun gudu kun bar aiki. Ku raba lissafin biyu, a fara biyan wanda ba gardama a kansa, ragowar a samo kwantiti sabeya, wato masanin auna aikin gini da ƙiyasta kuɗinsa, da ku duka kuka yarda da shi ya zo ya auna. Kafin ya sa tef a ƙasa ku tsayar da wanda zai biya shi.