Jirgin Yaya da neman inda za a sauke shi

Da Yayana ya ajiye aiki bayan shekara 35, kusan rabinsu a bakin iyakar Seme, kowa a gida ya ɗauka gona zai ƙara ko shago zai kama a Sabon Gari. Sai ga kiransa wata Laraba, wai in duba lafiyar motata za mu je Badagry ɗauko jirgin ruwa. Na ce, "Yaya, jirgin ruwa fa ka ce? A Zariya?" Ya ce, "Kai dai duba taya da birki." Da labari ya kai kunnen Hajiyarmu, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar wake, ta ce, "To, Allah ya kawo teku Tudun Wada."

Jirgin na fiba ne, tsawonsa ƙafa 16, da injin Yamaha mai doki 15 a bayansa. Yana zaune kan 'yar tirela mai taya biyu, ba irin mai ɗaukar siminti ba, ƙarfe ne kawai da robobi masu juyawa da abin naɗe igiya a gaba. Ni bakanike ne, na fi shekara 20 ina kwanciya ƙarƙashin mota, don haka abin da na tanadar wa hankalina shi ne hanya: ramukan Mokwa, gadar Jebba, tsayawar shingaye. Ban taɓa kawo wa raina cewa taku ashirin na ƙarshe, tsakanin busasshiyar ƙasa da ruwa, su ne za su ci mana kwanaki ba.

Yaya ya ce ba zai biya ba sai ya ga jirgin a kan ruwa, kuma gaskiyarsa. Muka maƙala tirela muka fita nema. Ruwa kam ga shi ko'ina. Badagry a bakin wani faffaɗan rafi take, tekun kansa yana can bayan tsibirin Gberefu, inda aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Amma kwatar da ke cikin gari ta jiragen da suke kan ruwa ce, bango ne da matakala, kuma taya ba ta sauka matakala. Muka zarce wani ƙauyen masunta. Nan kuma yashi ne shimfiɗe kamar tabarma, na har fara juya sitiyari, mai jirgin ya dafa hannuna ya ce kul. Su mutanen wurin ba su da buƙatar hanya: majiya ƙarfi goma ne za su jera gungume a ƙasa, su ja kwalekwale a kai suna waƙa. Wuri na uku gangaren siminti ne mai kyau, sai dai yana bayan katangar wani mai hali, mai gadi ya ce maigida ya yi tafiya da mabuɗi.

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka dace da wani tsohon gangare kusa da inda ake gyaran jirage. A nan muka tarar da wani dattijo Bakabe yana ɗinkin raga, ya ce ya fi shekara 30 a wajen. Bayan gaisuwa ya dubi tirela, ya dubi ruwa, ya ce, "Ɗana, ka ɗauki sanda ka taka gangaren nan da ƙafarka kafin ka taka shi da mota."

Na naɗe wando na shiga. Rabin simintin na ƙasa duk gansakuka ne, kore shar, santsi kamar miyar kuɓewa. Taku huɗu cikin ruwa sai sanda ta zurma: siminti ya ƙare, daga nan laka ce. Da na yi baya-baya da tirela a lokacin, tayoyinta sun faɗa bayan wannan leɓen, kuma babu giyar da za ta fito da su.

"Baba, to yaya ke nan?"

"Ku je ku ci abinci, ku dawo bayan La'asar. Ruwan nan da wata yake tafiya."

Shi ya warware mana lissafin. Sau biyu a yini ruwa yake cikowa, sau biyu yake janyewa, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ko kusa da haka. Saboda haka kullum lokacin yana ja baya da kamar minti 50: in yau da La'asar ya cika, bayan kwana uku sai wajen Magariba. Cikowa mafi girma kuma tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Abin ya burge ni ƙwarai, don mu da muke duban wata saboda azumi da salla, ashe a can har sauke jirgi da shi ake yi. A wajen Legas bambancin bai wuce kamar mita ɗaya ba, a cikin rafin ma bai kai haka ba, amma a gaɓa mai kwance ko kamu biyu ya isa ya matsar da bakin ruwa nesa.

Da muka dawo, ruwa ya rufe gansakukan nan. Na ciro wayar fitilun tirela, na taɓa cibiyar tayoyin na ji sun huce. Wannan kam sana'ata ce: boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, zuƙo ruwan yake yi ta bakin roba, giris ya lalace, bayan kwana kaɗan ka ji yana kuka a kan hanya. Yaya ya riƙe igiya, yaron mai jirgi ya tsaya da waigi. Sai dattijon nan ya ɗaga murya daga inda yake zaune: "Kun toshe ramin baya?" Ba mu toshe ba. Marfin ramin da ake zubar da ruwan cikin jirgi ta nan yana aljihun mai jirgi. Washegari kafin mu kama hanya na wanke tirelar kaf da ruwan rijiya, don ruwan can da gishiri-gishiri, kuma gishiri ba ya barin ƙarfe.

Kwana biyu muka yi a hanya. Yaran unguwa suka raka mu da ihu tun daga bakin titi.

Na ɗauka a gida abin zai zo da sauƙi, tunda ba ruwanmu da cikowar teku. Dam ɗin Kubanni yana nan a Samaru, amma ruwan shan Jami'ar Ahmadu Bello ne, a cikin harabarta, ba wurin da mutum zai shiga da inji gaba gaɗi ba, don haka ko gwadawa ba mu yi ba. Muka nufi kogin Galma ta wajen Dakace. Can kuma fadama ce, masu noman rani sun shuka tumatir da albasa da rake har bakin ruwa, tiyon ban ruwa ya ratsa ko'ina. Babu inda za ka bi da mota ba ka taka guminsu ba.

Sai na hango mashayar shanu. Gangare ne mai laushi, ba dutse ba kututture, a ido kamar an yi shi don mu. Yaya ya ce in taka da sanda tukuna, na ce ai wannan ƙasarmu ce, na san ta. Kofaton shanu ya riga ya kirɓa wurin, sama ta bushe ta yi ɓawo, ƙasa kuwa kunu. Tayoyin baya suka nutse har cibiya. Daga Azahar muna nan sai da aka kira Magariba, da taimakon samari goma sha biyu da faranti biyu na katako da wata tarakta da aka roƙo daga gona. Abin da na biya ba zan faɗa ba. Yaya bai ce mini komai ba duk tsawon hanya, wanda ya fi faɗa ciwo.

Ranar Asabar muka yi abin da ya kamata mu fara da shi: muka sayi goro muka je gaida Sarkin Ruwa. Ya riga ya ji labari, har da adadin samarin.

"Alhaji, da kun zo tun farko ai da ba ku sha rana ba," in ji shi ga Yaya.

"Ranka ya daɗe, rashin sani ne."

Ya haɗa mu da ɗansa a kan babur, ya kai mu inda tifofin yashi suke sauka. Direbobin nan sun daɗe suna zuba marmara da fasassun bulo don kada su kafe da lodi, har wurin ya daddale kamar daɓe. Inda tifa cike da yashi ta fita, motata da jirgin fiba wasa ne. Sharaɗinsa biyu: kada mu tada inji kusa da raga kafin masunta su kwashe da safe, kuma mu ɗauki yaro ɗaya da ya san inda duwatsu da kututture suke kwance, don farfela. Yaya ya ƙara nasa na uku, rigar kariya. Guda shida ya sayo tun daga Legas, ya ce ya gaji da jin labarin kifewar jirage a Neja da Kebbi, ko ɗan Sarkin Ruwa ne sai ya sa. Yaron ya sa yana dariya.

Sarkin Ruwa ya kuma gargaɗe mu cewa wannan mashigin na yanzu ne. A watan Agusta da Satumba ruwa yana shanye shi gaba ɗaya, hanyar ma ta zama taɓo. Zuwa Maris da Afrilu kuma bakin ruwa ya gudu ya bar marmarar a tudu, tsakaninsu laka. Wato mu ma muna da tamu cikowar da janyewar, illa ta Badagry awa shida ce, tamu wata shida.

Yanzu Yaya ya ƙwallafa rai a kan dam ɗin Tiga a jihar Kano, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, wai a can ne injin zai buɗe murya. Na ce na yarda, amma sai mun je da babur mun taka wurin da sanda, mun gaida masu wurin, kafin in maƙala tirela. Kafin nan jirgin yana ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gida, an rufe shi da tamfol. Kazar Hajiya ta samu ƙofa ta wajen inji, jiya na ƙirga ƙwai bakwai, kuma Hajiya ta ce babu mai motsa shi sai an ƙyanƙyashe.