Launin da ke jikin tsohon sule

Shagona ƙarami ne, a gefen Kasuwar Barci da ke Tudun Wada a Kaduna, kuma tsofaffin kuɗi nake saye ina sayarwa: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, fataka, wani lokacin har liyari, wato tsohuwar dalar azurfa ta Turai, idan Allah ya kawo. Yawanci daga adakar tsofaffi suke fitowa bayan an raba gado. Masu saye kuwa malaman makaranta ne da masu sha'awar tarihi daga Abuja da Legas, sai 'yan ƙalilan a waje da muke ciniki ta WhatsApp.

Rigimar sana'ar nan duk a launi take. Azurfa idan ta daɗe tana shan iska mai ɗauke da farar wuta, wata siririyar fata ce ke rufe fuskarta, kuma kaurin fatar ne ke sauya yadda haske ke dawowa ido. Da ruwan ɗorawa take farawa, ta koma ja, ta yi shuɗi, in abin ya yi yawa ta rine baƙi ƙirin. A Amurka akwai dalar Morgan, wadda aka fara bugawa a 1878. Da yawa sun kwashe shekaru cikin buhunan yadi a ma'ajiyar gwamnati, gefen da ya jingina da buhun ya fito kamar bakan gizo, kuma masu tarawa na biyan ninkin farashi a kansu. A wajenmu sule da fatakan da hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913, masu hoton bishiyar kwakwar manja, su ne ke yin haka, don azurfa ce. Daga 1920 aka koma buga su da tagulla, waɗannan sai dai su dafe kawai.

To da labari ya iso cewa launi na kawo kuɗi, sai samari suka shiga rini. Wani ya kulle sule a leda da dafaffen ƙwai, wani ya gasa a wuta, wani ya nemo farar wuta wajen masu magani. Cikin yini guda sai a sami abin da ke cin shekara hamsin.

Kwanaki wani yaro ya kawo min fataka ta 1913, shuɗi da ja sai ɗaukar ido take. "Baba, ta kakarmu ce, haka muka tarar da ita." Na sa gilashi na karkata ta wajen ƙofa. Ƙananan zane-zanen goga sun cika fuskar Sarki George na Biyar, launin kuma ya kwanta a kansu ya shige ciki. Ke nan an goge ta tukuna, sannan aka rina. Haka kuma shuɗin ya hau kan haruffa da kambin sarkin daidai da yadda ya hau fili, alhali na asali daga baki yake rarrafowa zuwa tsakiya, a jere, yakan kuma bar ɗan haske a gindin haruffa. Na ce, "Ɗana, kakarku ba ta ga wannan shuɗin ba." Ya yi dariya, muka yi ciniki a kan nauyin azurfarta.

Manyan kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da NGC, suna ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, amma da sun zargi rini ko goga sai su hana makin, su rubuta aibin a jikin kwanson da suke rufe kuɗin a ciki. Mai saye daga waje da wannan idon yake duba hoton da na tura masa, shi ya sa nake ɗauka da hasken rana, ba tare da gyara ba.

Fenti kuma daban ne. Kanada ta fitar da kwandalar santi 25 mai jan fure a 2004, gidan buga kuɗinta ne ya yi da kansa, wannan ba laifi. Amma wanda ya ɗauki kwabo goma na 1973 ya tsoma a ruwan gwal, ni dai ba na saye, a kai wa masu sarƙa.

Gaskiya ɓarnar masu rini ba ta kai ta masu wanki ba. Iyayenmu mata ba sa son kawo abu da dauɗa, sai su dirje shi da toka da lemun tsami, ya zo fari tas, ƙyallin asali ya tafi ba dawowa. Nakan roƙe su, "Hajiya, don Allah yadda kika same shi haka za ki kawo min." Liyari ma, wanda tun daga 1780 shekarar nan ce a jikinsa ko yaushe aka buga shi, sau da yawa an riga an yi masa kunne don ratayawa, darajarsa ta koma ta sikeli.

Ajiya ce ke ba ni aiki da damina, saboda laimar Kaduna. Leda mai laushi na fitar da wani koren danƙo a jikin kwabo, robar ɗaure kuɗi kuma na bar wa azurfa baƙin layi. Kowane ɗaya a kwansonsa mai tauri nake sa shi, in jefa ƙullin maganin laima a akwatin, kuma duk wanda zai duba ta gefe zai riƙe, don shatin yatsa in ya kama azurfa ba ya fita.