Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Cikin Sadakina Ya Kwanta

Makon jiya na tsaya a inda Malam ya ba ni karsana a sadaki. Irin shanun Gudali ce, ja, cikinta fari, tozonta ya zauna daram. Gidanmu na cikin Ngaundare ba filin ɗaure ko akuya, don haka aka kai ta hannun Baffa, wani dattijon Bafulatani mai kiwo a bakin kogin Vina.

Farkon damina bijimi ya hau ta. Na zauna na ƙirga da yatsu: saniya wata tara da 'yan kwanaki take yi, ke nan kafin ruwa ya dawo ina da maraƙi. Allah Ya yafe mini, tun ba a haife shi ba na riga na sayar da shi a zuciyata, na sayi keken ɗinki.

Wata tara ya cika, shiru. Na goma ya wuce. Hantsarta ba ta cika ba, cikin da ya fara tasowa ma sai ya koma kamar an sace iska. Amma tana ci, tana tuƙa, gashinta na sheƙi, kuma ko kallon bijimi ba ta yi.

Goggo ta ce, "Kwantacce ne, 'yar nan. Mata ma cikinsu na kwanciya shekara biyu ya tashi, bare dabba." Aka karɓo rubutu, aka ƙara mata kanwa. Ban musa ba, don maganar ta yi mini daɗi.

Baffa ne ya ƙi. Ranar da muka je rugar ya ce, "Ɗiyata, na sa hannu a kwiɓinta safe da yamma, ba abin da ke motsi. Ku kira dokta."

Likitan dabbobin ya zo a babur, ya zura safar leda har kafaɗa, ya sa hannu ta duburarta. Ya daɗe yana lalube. Da ya zare sai ya ce ba ruwa a mahaifar, abin da ya taɓa tauri ne kamar itace, mahaifar ta manne masa. Maraƙin ya mutu tun watannin baya. An fi ganin haka, in ji shi, tsakanin wata na 3 da na 8, wani lokaci cuta ce, wani lokaci igiyar cibiya ce ta murɗe. Da yake bakin mahaifa a rufe yake, ƙwayar cuta ba ta shiga ba, shi ya sa bai ruɓe ba. Jikin uwar ya tsotse ruwan, ɗan ya bushe, ita kuwa jikinta na nan yana zaton ciki gare ta. Da bakin ya buɗe, da sai mugunya da ƙasusuwa, da wuya ta sake haihuwa.

Ya yi mata allurar furostagilandin, mai sa mahaifa ta buɗe ta turo abin da ke ciki, ya ce mu saurara kwana biyu zuwa huɗu.

Rana ta uku abin ya sauko ya maƙale, sai da dokta ya dawo ya shafa mai ya jawo shi. Na gan shi da idona. Bai fi mage ba, baƙi-baƙi, fata ta lafe a ƙashi kamar kilishi, idanun sun zurma, wani abu mai danƙo ya lulluɓe shi. Ko wari babu. Baffa ya haƙa rami bayan garke ya binne shi, don kada karnuka su ja.

A hanyar komawa Malam na ta cewa Allah Ya musanya. Ni hannuna na kan marata. Wata biyar gare ni a lokacin, kuma tun shekaranjiya ban ji motsi ba.

"Malam," na ce, "kada ka bi ta gida. Kai ni asibiti."

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.