Tsini 120 da na fiƙe a kan injin lat

Ina shekara ta biyu a shagon maigidana a Panteka ta Kaduna wani mai walda ya kawo aiki. Tsini 120 yake so, na jerawa a saman ƙofa da katangar wani gida, kowanne tsawon milimita 150, kauri 16, baki kamar na mashi. Galibi masu walda da dutsen wasa na lantarki suke fiƙe irin wannan, amma mai gidan ya ce ya gaji da ganin tsinin da wani ya karkace, wani ya gajarce. Maigida ya dube ni ya ce, "Kai da kake cewa hannunka ya faɗa, ga fili ga mai doki."

Tun wajen sayen ƙarfe na fara kwafsawa. Don in rage kuɗi sai na ɗauko rodin gini, mai ƙuraje a jiki. Da injin lat, wato injin da yake juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙa shi, ya fara juyawa, kowane ƙurji sai ya doki wuƙar yanka, kaf-kaf-kaf, har hannu yana jin bugun. Ga shi rodin gini ba shi da tabbas: nan laushi, can tauri. Kafin in gama guda uku bakin wuƙar ya dakushe. Dole na koma na sayo sandar ƙarfe mai santsi, kuɗin da na so ragewa ya tafi ninki biyu.

Sai maganar kusurwa. Fiƙen zai ci milimita 40 daga baki. A kan injin lat akwai ƙaramin keke a sama wanda ake karkatawa, wuƙar ta bi shi a karkace. Na yi lissafi na ga kusurwar tsinin gaba ɗaya wajen digiri 22 ce, na saita keken a 22. Abin da ya fito gajere ne, dunƙule, bai kai milimita 20 ba. Maigida ya ɗauka, ya jujjuya, ya ce, "Ƙarfen nan juyawa yake yi. Abin da ka cire a nan, ka cire shi a can." Rabin kusurwa ake saitawa. Rabin kauri 8 ne, a raba da 40, ya ba da 0.2, wanda a lissafin kusurwa ya yi daidai da digiri 11 da 'yan kai. Har yau in zan yi fiƙe sai na ji wannan maganar a kunnena.

Inda na fi shan wuya shi ne can ƙarshen baki, kuma nan ne aikin yake. Na bar ƙarfen ya fito daga bakin injin fiye da milimita 100 don in ga abin da nake yi. Sai ya riƙa kuka, wani irin ƙara mai shiga haƙori, jikinsa ya fito da zane-zane. Ƙa'idar da aka koya mini daga baya ita ce kada abin da ya fito ya wuce kaurin ƙarfen sau uku, in babu abin da ya tokare shi ta ɗaya gefen. Tsini kuwa ba ya tokaruwa, tunda bakin ne kake cinyewa. Na mayar da shi milimita 50, kukan ya tsaya.

Duk da haka biyu suka lanƙwashe a baki. Wuƙar tana ƙasa da tsakiyar ƙarfen, shi ya sa da bakin ya sirance sai ya hau kanta. Maigida ya nuna mini dabara: a sa siririyar rula tsakanin bakin wuƙa da ƙarfen, a matse kaɗan, injin yana kashe. In ta tsaya cak, ka samu tsakiya. In kanta ya karkato wajenka, wuƙar ta yi ƙasa. Da guntun tsohon zarto na ɗaga ta.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Injin yana juyi 600 a minti. A kauri 16, fatar ƙarfen tana wuce wuƙa da gudun mita 30 a minti, daidai yanka. Amma inda ya sirance zuwa milimita 2, gudun bai kai mita 4 ba. A nan wuƙa ta daina yanka, turawa take yi tana yage ƙarfen. Don haka na daina neman baki kamar allura. Ina barin milimita 2 a dakushe, in rage cin wuƙar sosai a zagayen ƙarshe, in shafe da magagari mai ƙota. A ganina ma ya fi: fenti ya fi zama a kansa, kuma ba ya karyewa wajen ɗauka.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na nufi injin da kaftani a jikina. Ban kai ga kunnawa ba maigida ya daka mini tsawa daga ƙofa. Hannun riga, safar hannu, tsumma a hannu, duk injin lat ba ya barin su, in ya kama ba ya saki. Haka makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi: in ka manta shi a jiki ka kunna, jifa zai yi. Sassaƙen da ke fita shuɗi kuwa wuta ne, da ƙugiya ake janye shi.

Na farko ya ci mini minti 20. Da na yanke sandunan duka tun farko, na sa alamar inda kowanne zai tsaya a bakin injin, sai ya dawo minti huɗu zuwa biyar. Kwana huɗu aikin ya ɗauka, har da yinin da aka ɗauke wuta. Tara na lalata, aka cire kuɗinsu daga nawa. Gajeren nan na digiri 22 maigida ya hana a jefar, ya ɗaure shi da waya ya rataye a ƙusa saman injin, yana nan har yanzu.