Yadda muka tantance mai jinyar Baba a gida

An sallamo Baba daga Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi da shanyewar ɓarin jiki na dama, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga robar fitsari a jikinsa. Inna ƙarfinta ya ja baya, ni kuma kullum ina wurin aiki, don haka dole muka nemi wanda zai riƙa zuwa gida yana duba shi.

Samun mai zuwa ba wuya, kowace unguwa da wanda ake ce wa likita. Na farkon da aka kawo mana ko awon jinin Baba bai yi ba ya ce, "Alhaji, ruwa leda biyu za a ƙara masa, gobe ka gan shi zaune." Da na tambayi lasisinsa sai ya ce a kemis ya koyi aiki. Na ba shi kuɗin mashin, na sallame shi. Lasisin mai kemis na sayar da magani ne, bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba. Dattijon da hawan jini ya raunana wa zuciya kuwa, idan aka ɗura masa ruwa ba lissafi, ruwan na iya taruwa a huhunsa numfashi ya gagara.

Nas na gaskiya yana da rajista da Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya, jami'an lafiyar al'umma ma suna da tasu hukumar rajista, kuma lasisin kowannensu sabunta shi ake yi. Dattijon nas ɗin da muka ɗauka daga baya bai ɓata rai da na nemi nasa ba. Amma abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne yadda ya fara aikin: ya nemi sabulu ya wanke hannu, ya karanta katin asibiti, ya sallami kowa daga ɗakin sai ni, ya rufa wa Baba zane, sannan ya juya shi yana duba bayansa.

A wurinsa na koyi cewa ingancin jinya a fatar majinyaci ake karanta shi. Ƙashin ƙugu, duga-dugai, kafaɗu, nan gyambon kwanciya ke farawa, domin nauyin jiki yana danne jijiyoyin jini har naman wurin ya mutu. Ga baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin ne zai ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Magani shi ne juya mutum duk bayan awa 2, har da dare, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige ba zai taɓa katifa ba. Duk yamma da kaina nake ɗaga rigar Baba in haska da tocila. Mai jinya zai iya ce maka ya juya shi, fatar ce za ta gaskata shi.

Muka sayi littafin rubutu muka ajiye a gefen gado. Awon jini, awon suga, lokacin allura, abin da Baba ya ci, duk a ciki. Idan awon suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL an shiga haɗari, musamman ga wanda aka yi wa insulin, wato allurar ciwon suga, bai ci abinci ba. Ita insulin ɗin zafi na lalata ta, zafin Kabi a watan Afrilu kuwa yana wuce maki 40, wuta ba tabbas. Sai muka sa kwalbar a roba mai murfi, muka ajiye cikin ƙaramin tulu a kan jiƙaƙƙen yashi, muka rubuta ranar buɗewa don kada ta wuce kwana 28.

Sauran kuwa sa ido ne kawai. Sirinji a gabanmu ake yage ledarsa, an yi sau ɗaya a jefa a jarka mai murfi. Jakar fitsari ƙasa da gado take rataye, ba ta taɓa ƙasa. Kunu a zaune ake ba Baba, cokali-cokali, ya yi minti 30 kafin a kwantar da shi, don sarƙewa na kai abinci huhu.

Kunya ce ta fi ba ni wahala, kuma ina ganin ita ke cutar da majinyata da yawa a gidajenmu. Mai jinya a shekaru ya haife ka, ka ce zai nuna maka takarda, ka kuma bi bayan aikinsa. Inna ma ta ce, "Kai ɗan nan, kada ka kore muna bawan Allah." Na ce, "Inna, Baba ba ya iya faɗin abin da ke damunsa sosai, mu ne bakinsa." Duk da haka idan nas ya tafi nakan zauna da Baba mu biyu in tambaye shi ko an ji masa ciwo wajen ɗagawa, ya amsa da kai.

Wani dare Baba ya tashi da zazzaɓi, fitsarinsa ya yi kauri, maganarsa ta rikice. Na kira nas ɗin na roƙe shi ya zo da allura. Ya ce, "A'a, wannan ya fi ƙarfin gida, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta bi roba. Ku nemi mota, ku ɗauko littafin nan, ina jiranku a ƙofar asibiti."