Hannun da na sa a kan ramin da ban leƙa ba

Jiya Alhamis na miƙa makullin kwantenar da muke ofis a ciki, na ajiye hular kwano, na bi leburori da birkiloli ɗaya bayan ɗaya muka yi sallama. Shekara shida da 'yan watanni na yi a kamfanin nan, mun tayar da benaye huɗu tsakanin Jabi da Utako da Wuse a Abuja. Wasu abokan aiki sun ce in rubuta wa masu tasowa abin da na koya. Da na zauna zan jera darussan, sai guda ɗaya, na kariyar gobara, ya danne sauran, kuma shi ne wanda aka fi so in ja bakina a kansa.

Ni ɗan Jos ne. Ina firamare babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, har da shagon atamfar mahaifina. Na ga yadda ya dawo gida da rana tsaka, rigarsa na warin hayaƙi, ya zauna a kan tabarma bai ce da kowa uffan ba har aka kira magariba. Saboda haka ba ni da bakin cewa ban san gobara ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka uzuri nake nema.

Kariyar gobara a gini iri biyu ce. Akwai mai nuna kanta: ƙararrawa, jajayen tukwanen kashe wuta a jikin bango, mesar ruwa a cikin akwatin gilashi. Ita mai gida yake gani da idonsa, ya biya kuɗinta da fara'a. Akwai kuma wadda ba ta motsi, ba ta ƙara, wato bango da dekin da ƙofa, waɗanda suka yanka ginin gida-gida ta yadda idan wuta ta tashi a wani sashe za ta zauna a nan awa ɗaya ko biyu, mutane su samu su sauka, 'yan kwana-kwana su iso. Ita wannan babu ruwanta da an ɗauke wuta, ko tankin sama ya bushe, ko motar kashe gobara ta maƙale a cunkoso. A ƙasa irin tamu ita ce abin dogaro na gaske. Matsalar ita ce duk bangon da birkila ya gama, sai mai lantarki ya huda shi, mai famfo ya huda, mai sanya na'urar sanyi ya huda, masu intanet su zo daga baya su ƙara nasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, hayaƙi kuwa ya fi ƙadangare iya kutse. Toshe waɗannan ramuka da kayan da wuta ba ta ci shi ne aikin da aka ɗora mini a wani bene mai hawa bakwai, wanda duk wanda ya yi aiki da mu ya san shi.

Zanen ginin bai ɓoye komai ba. A rijiyar wayoyi, wadda muke kira raiza, kowane hawa za a rufe ramin dekin da allon audugar dutse mai fenti na musamman, a bi gefen kowace waya da danƙon da ke kumbura in ya ji zafi. Kowane bututun roba kuma a ɗaura masa abin wuya na ƙarfe mai irin wannan sinadari a ciki, domin roba tana laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, in ta narke ta bar rami, abin wuyan ya kumbura ya matse ramin ya rufe. Kayan nan daga waje ake kawo su. Suka yi jinkiri, farashi ya tashi, ranar miƙa gini ta matso. Wata safiya sai ga motar kamfani ta dawo daga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da katan-katan na kumfar gwangwani, mai hoton harshen wuta a jiki da rubutun awoyi da manyan baƙaƙe.

Akwai wani dattijon birkila da ya girmi mahaifina, kowa Baba yake ce masa. Ya fesa kumfar a kan guntun bulo, ya bari ta bushe, ya gutsuro dunƙule ya kira ni bayan kwantena. Ya ƙyasta ashana ya kanga. Nan take ta tsuke, ta yi baƙi, tana fitar da hayaƙi mai ɗaci da ya sa na kau da kai. Ya ce, "Injiniya, wannan ai ɗan'uwan katifa ne. Da shi za mu tare wuta?" Na ce, "Baba, daga sama aka ce a sa." Ya dube ni ya ɗan jima, ya ce, "To, ɗana, Allah ya kyauta," ya taka ragowar da takalminsa.

Na je wurin manajan aikin, wannan kam na yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kumfar nan ba ita ce a zane ba. Awoyin da aka rubuta a gwangwanin na siririn tsagi ne tsakanin bulo da kankare, ba na rami mai faɗin tire cike da wayoyi ba." Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Kai yaro ne har yanzu. Wa zai ɗaga silin ya duba? Mai gini na jiran makullinsa, ma'aikata na jiran albashi. In kana da kuɗin odar kaya daga Turai, bismilla." Ya turo mini takardar shaidar kammala aiki. Na fita da ita, na yi kwana biyu tana cikin aljihuna, a rana ta uku na sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba kumfar ba ce. Hawa na ɗaya da na biyu kawai na hau tsani na leƙa. Sauran an riga an rufe silin, an yi fenti, ban so in ce a ɓalle a ce na cika fitina. Na rubuta cewa na duba duka.

Bayan kamar wata goma, cikin hunturu, wajen ƙarfe biyun dare, allon rarraba lantarki da ke ƙasa ya kama. Wutar ba ta da girma, ɗaki ɗaya ta ci, 'yan kwana-kwana suka kashe ta. Hayaƙin ne ya samu raiza a buɗe ya bi ta sama kamar bututun gidan burodi. Rigar wayar lantarki idan tana ƙonewa tana fitar da iska mai guba da ke ƙona maƙogwaro da huhu. Akwai wani matashi mai gadi da ke kwana a hawa na biyar, nesa da wutar da hawa biyar cur, shi aka sauko da shi a sume.

Gari na wayewa na hau da tocila. Na buɗe ƙofar raiza a hawa na biyar na sunkuya, sai na hango hasken rana a can ƙasa ta tagar da aka fasa. Babu abin da ya rage tsakanina da ɗakin da ya ƙone. Inda aka fesa kumfa saura wani baƙin danƙo kamar kwalta a jikin wayoyi. A hawa na uku da na huɗu da ban leƙa ba, ko kumfar ba a sa ba: buhunan siminti aka cusa da kwali, aka shafe saman da filasta mai kaurin yatsa. Bututun bahaya mai inci huɗu ya narke ya bar rami zagayayye, bakinsa duk kunkunniya. Na sauko ƙasa na shiga sito da ke manne da ɗakin wutar, bango ɗaya ya raba su. Katan-katan na takardu na nan lafiya lau, ko launi ba su sauya ba. Ashe ramin da ke wannan bangon Baba ne ya toshe shi da kansa, da ragowar audugar dutse da ya tsinta daga aikin masu na'urar sanyi, ya bi da kwaɓin siminti ciki da waje. Babu wanda ya sa shi.

Yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Na je duba shi a asibiti da lemo da madara. Mahaifiyarsa ta taso daga kan tabarma tana ta sa mini albarka, "Sannu ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, duk kamfanin kai kaɗai ka tako." Ban iya gaya mata ko ni wane ne ba. Har yau idan iskar hunturu ta taso yana tari, na sani domin ina kiransa.

A zaman da aka yi da wakilan mai ginin, manajan ya buɗe fayil ya zaro takarda ɗaya ya ajiye a tsakiyar tebur. Ya ce, "Ni dai ga abin da injiniyan wurin ya tabbatar mini." Na ce shi ya ba da umarnin sayo kumfar. Ya ce in nuna inda ya rubuta. Babu. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka zaftare mini albashin wata uku, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni. Shi kuwa kafin shekara ta zagayo an ba shi aikin da ya ninka wancan. Laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango nasa ba, hannuna ne a takardar. Amma shekara huɗu muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, bai taɓa jawo ni gefe ya ce mini ko da "abin nan bai yi daɗi ba". Na yi ƙoƙarin in sauke wannan daga raina, bai gama sauka ba.

Bayan haka ne na koma karatu kamar mai jarrabawa, na tarar ba a kanmu aka fara ba. A shekarar 1975, a tashar nukiliya ta Browns Ferry da ke jihar Alabama a Amurka, ma'aikata sun kanga kyandir don su gano inda iska ke zurara a ramin wayoyi, kumfar da aka toshe ramin da ita ta kama, wutar ta bi wayoyin da ke sarrafa tashar. A 1980 otal ɗin MGM Grand na Las Vegas ya kama daga ƙasa, mutum 85 suka mutu, akasarinsu a hawan sama inda harshen wuta bai kai ba, hayaƙi ne ya bi ramukan lif da matattakala da tsagogin gini ya same su a ɗakunansu. Na kuma gane me "awa ɗaya" ke nufi a takardar gwaji. Tanderun da ake gwada kayan yana wuce digiri 800 cikin rabin awa, ya kai wajen 945 a cikar awa, kuma abin da aka gwada shi ne haɗin gaba ɗaya: irin bangon, faɗin ramin, abin da ya ratsa ta ciki, kaurin abin toshiyar. Ka sauya ɗaya, takardar ba taka ba ce.

Tun daga nan ba a sake rufe silin a wurin da nake ba sai na hau tsani da ƙafata. Kowane rami da lambarsa, da hotonsa kafin a toshe da bayan an toshe, da takardar lakabi a manne a gefensa. An kira ni mai taurin kai, an kira ni Malam Rami, wani ɗan kwangilar silin ya kai ƙarata har sau biyu. A gini biyu na ƙarshe da na riƙe, ko yau aka ɗaga kowane silin ba na fargaba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Umarnin baki, ko daga wa ya fito, ka mayar masa da shi a rubuce ta WhatsApp kafin rana ta faɗi, ka ajiye. Ƙofar tare wuta da aka tokare da dutse don iska ta shiga ba ta da bambanci da babu ƙofa, haka wadda kafinta ya fere har tsaginta ya wuce milimita uku zuwa huɗu. Ƙarfe ba ya ci da wuta amma yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a wajen digiri 550, don haka kada ka yarda a shafe ginshiƙi da fentin ado a madadin fentin kariyar wuta. Bututun iskar sanyi da ya ratsa bango yana buƙatar murfin da ke faɗowa da kansa in zafi ya kai, kuma a bar ƙofar da hannu zai kai gare shi. Masu intanet da masu kyamara su ne na ƙarshen shiga gini, a bi bayansu. Idan tsohon birkila ya kira ka bayan kwantena, ka saurare shi.

Ga wanda zai karɓi wurina a aikin Jabi: a hawa na huɗu, bayan banɗakin maza, masu kyamara sun fasa allon raiza makon jiya sun zura wayoyi shida, ba su mayar ba. Na rubuta sau biyu, kwafin na cikin koren fayil. Ragowar allon da danƙon suna sito, ƙarƙashin teburin mai ajiya. An ce ranar Litinin za a rufe silin wurin. Dogon tsanin yana bayan janareto.