Ranar da igiyar ƙasa ta sari ƙanina a gindin harawa

A garinmu nan kudancin Birnin Kudu idan magariba ta yi ba ka jin wani ya ce maciji, sai dai a ce igiyar ƙasa ko majaciki, tsofaffi suna cewa wai in ka kira sunansa da dare kamar ka aika masa goron gayyata ne. Ni dai ban taɓa yarda da wannan ba, amma har yau bakina in duhu ya yi igiyar ƙasa yake cewa, sabo ne kawai.

Kakar bara ne, an gama roron wake an tara harawa a bakin gona ana jira ta bushe a ɗaure, sai Kawu ya aiki ƙanina ɗan wajensa ya je ya ɗebo wa tumaki, rana ta kusa faɗuwa, yaron nan da silifas ya tafi ko tocila bai ɗauka ba don a ganinsa nan da nan ne, yana zuwa ya zura hannu ƙarƙashin tarin zai ɗaga sai ya ji kamar ƙaya ta soke shi a bayan hannu, da ya janye ya ga ɗan abu gajere mai zane-zane yana naɗe jiki yana wani ƙara kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi. Kububuwa ce. Wasu suna ce mata gobe da nisa, kuma ba banza aka sa mata sunan ba.

Abin da ya faru a tsakar gida bayan nan shi ne ya sa nake rubutun nan. Kafin in iso an riga an ɗaure masa dantse da robar tayar keke tamau har hannun ya fara canza kala, wani maƙwabci ya kawo sabuwar reza wai a tsaga a matse dafin, Inna tana kuka tana cewa a kira mai magani na ƙauyen gaba, shi kuma yaron yana cewa ai ba ya jin wani ciwo sosai a bar shi ya kwanta. Na ce Kawu dan Allah ku yi haƙuri a kwance robar nan a ajiye reza a ɗauko mashin. Ya ce kai yanzu ka fi mu sanin maciji ne, mu da muka tsufa a daji? Ban ce komai ba, don gaskiya sun fi ni sanin daji nesa ba kusa ba, amma abin da dafin yake yi a cikin jini ba a gona ake ganinsa ba. Sai da yaron ya tofar da yawu aka ga jini-jini daga dasashinsa sannan kowa ya yi tsit.

Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Shi ya sa tsagawa da reza ta fi komai muni, ka buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Mutum yana iya kwana ɗaya biyu yana yawonsa yana cewa ya warke alhali jini na zuba ta ciki. Ɗaurin nan mai ƙarfi kuma ba ya tsare dafi, jini yake hanawa zuwa hannun, mutane da yawa haka suka rasa hannu ko ƙafa. Tsotsa da baki, baƙin dutse, shafa fetur ko kananzir, duk ɓata lokaci ne. A asibiti abin da suka fara yi ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa, sun ɗebi jininsa kaɗan suka zuba a busasshiyar kwalbar gilashi suka ajiye minti 20, da suka karkata ta jinin yana nan ruwa tsululu, sai suka ce to dafi ya shiga, aka sa masa allurar kashe dafi ta jijiya. Rago guda Kawu ya sayar. Yaron yana nan lafiya lau yanzu, har ya koma ƙwallo.

Ba zagin masu maganin gargajiya nake ba, wasunsu iyayenmu ne. Amma ku lura, ba kowane maciji ne ke da dafin kisa ba, kuma ko mai dafin wani lokaci yana sara bai zuba komai ba, to irin waɗannan ne ake ba su jiƙo su tashi a ce magani ya ci, wanda dafin ya shiga da gaske kuma in ya rasu sai a ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma shi ma asibitin ai sababi ne.

Inda Kawu ya fi ni gaskiya kuwa shi ne wajen tafiya a daji, shekararsa sama da sittin yana noma da kiwo ba a taɓa sararsa ba, kuma ba laya ba ce, hali ne. Ba ya fita sai da gora a hannu, in zai ratsa ciyawa ko sabara sai ya riƙa dukan gabansa yana taka ƙasa da ƙarfi, don maciji motsin ƙasa yake ji ya kauce tun kafin ka iso. Ba ya tsallake gungume ko dutse haka kawai ya dira inda bai gani ba, sai ya hau kai ya leƙa tukunna. Dami ko karan dawa ko kirare da suka kwana a ƙasa, da sanda yake fara juya su. Ya ce min ɓera ne ke bin hatsi shi kuma maciji yana bin ɓera, duk inda ka ga an tara amfani ka sa a ranka akwai mai gadi a ƙasa. Kuma in akwai burtali ko turba a fili ba ya yanke ta cikin duhuwa don sauri.

Sai dai wannan dabarar ta buga ƙasa ba ta cika aiki a kan macijin nan da ake kira kasa ba. Ita kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi ƙatuwa da ita a cikin busasshen ganye ko a kan hanya, launinta ya saje da ƙasar, sai ka taka ta sannan ka san tana nan, kuma duk nauyin jikin nan nata wajen sara kamar walƙiya take. Maganinta ido ne da tocila da takalmi mai rufe ƙafa har ƙwauri. Yawancin sara a ƙafa ne ko a hannu, to ka ga rambut da dogon wando mai kauri sun rage rabin matsalar. Yanzu ko ƙaramar waya tana da fitila, ban ga dalilin da mutum zai fita bayan gari da dare ko ya tafi masallaci da asuba a damina yana lalube a duhu ba.

Yara masu haƙar gafiya, ku ne kuka fi ba ni tsoro wallahi, kuna zura hannu har kafaɗa a rami ko a tsohon suri.

Kumurci kuma nasa salon daban, ya fasa kai ya feso dafi yana auna ido daga nesa, in ya same ka kar ka murtsuka, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti. In kun yi kiciɓis ja da baya a hankali ka ba shi hanya, mutane da yawa wajen ƙoƙarin kashewa ake sararsu, kuma ko an sare kan kar yaro ya ɗauka da hannu don yankakken kan ma yana iya cizo. 'Yan uwanmu na wajen Haɗejiya da Auyo da Ringim sun san yadda abin yake in ambaliya ta zo kamar ta 2022, ruwa ya kori mutane ya kori macizai kowa tudu ɗaya yake nema, a irin wannan lokaci kwanciya a ƙasa ba gidan sauro ganganci ne, a ɗaura shi a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa.

In kuma ƙaddara ta faɗa, a matsa daga wurin, a cire zobe ko agogo ko awarwaro tun kafin kumburi, a kwantar wa mutum da hankali kar ya yi gudu, a sa kara ko katako a tallafe hannun ko ƙafar yadda ba za ta riƙa motsi ba kamar ɗorin karaya amma sako-sako, a ɗauke shi a tafi. Kar a tsaya farautar macijin, in an samu hoto daga nesa ya isa. Kar a ba shi asfirin ko irin magungunan ciwon jikin nan na kemis don suna ƙara zubar jini. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a Kaltungo ta jihar Gombe ma asibiti guda aka ware don shi kaɗai. Shawarata tun yanzu ku tambaya ku san wane asibiti ne kusa da ku yake ajiye allurar, ba sai dare ya yi kuna kan mashin da mara lafiya a tsakiya ba.

Da na koma Kano na sayo rambut guda uku a kasuwar Sabon Gari na aika gida. Ƙanina ba ya cire nasa ko rijiya za shi, ko baƙin tsumma ya gani a hanya sai ya yi tsalle. Kawu kuwa ya sa nasa kwana biyu ya ce zafi yake dafa masa ƙafa, ya rataye su a bakin rumbu ya koma faɗensa da gorarsa, jiya da muka yi waya Inna take ce min kaza ta fara ƙwai a cikin na hagun.